An Kawo Wuta

Ajina yana ƙarƙashin bene a Gwammaja,
yara ashirin da uku, babbansu shekara biyar.
Ranar Talata, ana cin ƙosai da biredi,
Mujittafa ya saki kofinsa, ya bi shi ƙasa.

Jiki ya sandare, sannan ya kama jijjiga,
ido ya juye, kumfa a gefen baki.
Kafin in tsallake benci
aji ya watse kamar an jefa tsakuwa cikin tattabaru.
Haulatu na bakin ƙofa tana ihu:
"Kar ku taɓa yawun! Kakata ta ce ana ɗauka!"
Iya mai shara ta sheƙo da cokali,
maigadi da buta, wai a kwara masa.
Na ce, "Iya, mayar da cokalinki. Baba, ajiye butar.
Ku dai ja min kujerun nan baya."

Minti biyu. Agogo ne ya gaya min.
A ƙirjina kuwa, daga azahar ne zuwa la'asar.

Washegari ya zo da kayansa a goge,
bencin mutum uku ya zama nasa shi kaɗai.
Ba wanda ya kore shi.
Fensirinsa ne ya gangara har gaban Sagir,
Sagir ya ɗage ƙafa.
Wannan ɗage ƙafar ce ta hana ni barci.

Na nemi izinin uwarsa, na nemi nasa, suka ce to.
Ranar Alhamis na rufe littafin lissafi,
na ɗauko 'yar tsanarmu mai hannu ɗaya.
Na ce, "Wa ya taɓa ganin wutar gidansu tana wasa,
ƙwai na ƙiftawa, fanka na jan jiki?"
Hannu ashirin da uku, har da nasa.
"To a cikin kan kowa akwai 'yar wuta.
Ta Mujittafa wani lokacin takan yi wasa,
ta ɗauke kaɗan, sannan ta dawo.
Sunan abin farfaɗiya. Ku faɗa."
Suka faɗa, wasu farfaɗiya, wasu fafadiya.
"Ba aljani ba ne, ba laifin kowa ba ne.
Likita ya ba shi magani, yana sha safe da dare."

Haulatu ta ce, "To yawun fa?"
Ban amsa ba. Na cika kofinsa da ruwa,
na ce ya sha, ya sha, na shanye sauran.
Suka zuba min ido suna jiran in faɗi.
Har aka kaɗa ƙararrawa ina tsaye.

Muka kwantar da 'yar tsana a gefenta,
ɗankwali ninke ƙarƙashin kai,
ba cokali, ba ruwa, ba danne hannu,
ɗaya ya ruga ya kira babba, saura su ba da fili.
Sau goma sha ɗaya ta faɗi ranar,
don kowa ya ce sai ya cece ta.

Bayan hutun ƙaramar salla,
ina ofis ina karɓar alli,
sai ga Sagir, takalmi ƙafa ɗaya:
"Anti, wutar ta ɗauke!"
Na tarar an janye benci,
rigar sanyin wani ƙarƙashin kansa,
Iya ta juya shi gefe, hannunta ba komai.
Haulatu na durƙushe tana ƙirgawa,
iyakarta ashirin, in ta kai sai ta koma ɗaya.

Da ya buɗe ido bai gane mu ba tukuna.
Ba wanda ya yi shewa irin ta unguwa.
Haulatu ce ta sunkuya,
ta goge masa baki da gefen hijabinta,
ta waiwayo ta ce da su ƙasa-ƙasa,
"An kawo wuta."